Guraben Dalhatu da Waken Laraba

A Fassi ta ƙasar Kibiya, inda duwatsu ke kwance a tsakiyar gonaki kamar shanun da suka ƙoshi, an yi wani manomi ana ce masa Dalhatu. An haife shi bayan isowar jirgin ƙasa Kano da shekara biyu, bai kuwa taɓa hawa jirgin ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai wushirya, in dariya ta kama shi har kunnuwansa sukan motsa. Ya yi karatun allo gwargwadon na salla. Boko kuwa ko baƙi ɗaya bai sani ba. Abu biyu aka san shi da su tun yana saurayi, dara da yawan tambaya.

Tambayarsa ba ta neman magana ba ce. Ana tsakiyar gayya sai ya tsaya, fartanya a hannu, yana duban wata ciyawa da fara ta ci rabinta ta bar ta kusa da ita ko lasa ba ta yi ba. Sai ya ce, "To me ta gani a wannan da ba ta gani a waccan ba?" Abokan aiki su yi dariya su ba shi ratar kunya biyu. Da yamma a dandalin dara ya rama.

Mahaifiyarsa Laraba mutuniyar kudu ce, kuma ran da aka kawo ta Fassi ta zo da wani irin wake ƙulle a bakin zane. Fari ne mai jan ido, ba ya wahalar da itace, alalensa kuwa yakan tashi kamar an hura masa iska. Kafin ta tsufa rabin unguwar ya karɓi irin a hannunta, ana ce masa ɗan Laraba. Aibinsa ɗaya. Daɗin da mutane ke ji, ƙwaro ma ya ji shi. Ka zuba shi a tulu da kaka, kafin bazara ka buɗe ka tarar da huji a kowace ƙwaya, da gari a gindin tulu, da ƙananan ƙwari suna yawo abinsu kamar su suka yi noman.

Dattawa sun ce maganin ƙwaro ɗaci ne. Haka suka gada, haka Dalhatu ya gada. Shekarar da Laraba ta rasu ya sassaƙo ɓawon maɗaci ya daka, ya cakuɗa da waken iri, ya liƙe bakin tulu da laka. Da ruwan fari ya sauka ya fasa, ya tarar da abin da ya rage bai kai na shuka kunya goma ba. Ya daɗe a tsugune gaban tulun. Can ya ce wa matarsa Jumai, "Ni dai na ɗanɗana maɗacin nan, har yau bakina bai dawo daidai ba. Amma wa ya ce harshen ƙwaro irin nawa ne?"

Jumai ta ce, "Sai ka tambaye shi, Malam, ga shi nan da yawa."

Shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske.

Zauren gidansa na da daɓe mai kyau. Ya sami wuƙa ya haƙa gurabe talatin a daɓen, layi shida, kowane layi gida biyar, domin hannunsa bai san wani tsari ba sai na dara. Kowane layi na tsiro ɗaya ne, yakan kafa busasshen karan tsiron a kan layin don kada ya rikice. Gidan farko na ɗaci ne: ya tauna ganyen, ya jefa tsakuwa ɗaya ko biyu ko uku, gwargwadon yadda fuskarsa ta yamutse. Na biyu na ƙamshi ne, ya murza ya shaƙa. Na uku na siffar kara ne, in ya mirgina shi tsakanin yatsu ya ji shi mulmulalle ya bar gidan wayam, in ya ji kusurwa huɗu ya sa tsakuwa. Na huɗu na danƙo ne, wato yadda ganyen ke manne wa yatsa. Gida na biyar kuwa ƙwaro ne ke cika shi. Da kaka Dalhatu yakan ƙirga wake ɗari, na kasuwa ba ɗan Laraba ba, ya zuba a 'yar tukunya tare da busasshen ganyen, ya liƙe. In ruwa ya sauka ya fasa ya ƙirga masu huji. Kowane goma, tsakuwa ɗaya.

Shekara bakwai yana wannan. Dara ɗaya ta zama uku, tsirrai suka kai goma sha takwas. Ya sa tsohuwar tabarma ya rufe su, kullum bayan sallar asuba ya yaye ta, ya share ƙura da gashin kaza, ya bi layukan yana karantawa a fili kamar mai tilawa.

Sannu a hankali tsakuwoyin suka fara magana. Maɗaci da shuwaka, sarakan ɗaci, gidajensu na biyar cike suke. Waɗanda ƙwaro ke jin tsoro masu ƙamshi ne, kuma yawancinsu karansu na da kusurwa huɗu, kamar 'yan gida ɗaya da aka sani da tsaga. Gwarzon cikinsu shi ne bunsurun fadama, wata ciyawa mai wari da ke fitowa a bakin ruwa. Tsakuwa ɗaya tak ke gidansa na biyar. Tun da Dalhatu ya gano shi, ɗan Laraba ya riƙa kai wa damina da mutuncinsa. Darbejiya kaɗai ta ƙi bin doka, ga ɗaci, ba wani ƙamshin kirki, amma tana ɗan taɓukawa. Dalhatu yakan nuna layinta da yatsa ya ce, "Ke kuma, akwai ranarki."

Wata rana malamin gona na hukumar En'e, wani saurayi ɗan Rano mai suna Malam Isiyaku, ya jingine kekensa a ƙofar gidan don ya sha ruwa, ya tarar da maigidan durƙushe a kan gurabe shi kaɗai.

Ya ce, "Baba, da aljanu kake darar?"

Dalhatu ya ce, "Da ƙwaro nake yi, Malam. Ya ci ni shekara uku, na ci shi huɗu."

Da ya ji bayani sai murmushin ya bar fuskarsa, ya tattare rigarsa ya tsuguna. Ya ce lokacin da yake koyon aiki a makarantar noma ta Samaru wani malaminsu ya taɓa zuwa aji da ƙwallaye da tsinkaye, ya harhaɗa su. Ya ce musu kowane magani, na ganye ne ko na kwalba, ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya na da tata siffa. Malam Isiyaku ya zana wani abu mai kusurwa shida a ƙasa, kamar ɗaki ɗaya na saƙar zuma, ya yi masa 'yan rassa.

"Ka ga wannan? A haka yana kashe ƙwaro. In aka juya reshen nan ɗaya ya dubi ƙasa maimakon sama, kayan haɗin ba su canza ba, amma ƙwaro zai iya yin wanka da shi. Siffar ce ke shiga jikinsa kamar mabuɗi a kwaɗo. Masana na can suna ta lissafi, wai su dubi siffa su faɗi aikinta tun kafin a gwada."

Dalhatu ya daɗe yana kallon zanen. Kunnuwansa suka fara motsi.

"Wato tsakuwa ɗaya ta matsa gida ɗaya, an cinye ka."

"Haka ne, Baba."

"Ashe su ma 'yan dara ne. In ka koma ka gaishe su."

Ya hana a share zanen har iska ta share shi da kanta.

Daminar shekarar mulkin kai ta zo da ruwa kamar an ɓalle bakin sama. Dawa ta yi kyau, amma wake ya ruɓe a jikin uwarsa. Lokacin da 'yan makaranta ke kaɗa tutoci a Rano, mutanen Fassi na bin gonaki suna tsintar kwanson da ya tsira. Da aka gama sussuka aka duba, duk unguwar ba mai ɗan Laraba sai Dalhatu, shi ma mudu huɗu ne, cikin tulu ɗaya. In tulun nan bai kai ruwan fari ba, irin ya ƙare a duniya.

Ya ɗauki lauje ya tafi yankan bunsurun fadama. Ya tarar ambaliya ta shimfiɗa yashi a kan fadamar, fari fat, ko tsinke babu. Ya bi rafi har kusa da Kibiya, ya tambaya a kasuwa, bai samu ko danƙi ɗaya ba. Ɗoɗoya na nan a bayan ɗaki, amma ya san halinta, ƙamshinta na amarya ne, wata uku ya gushe. Ya shanya waken a rana yana juyawa, a kwana na uku ya ga ɗigon fari a jikin wata ƙwaya. Ƙwaro ya fara ƙwai.

Ran nan ne Dije ta shigo da tallan nono. Matar Bappa Lado ce, wani dattijon Bafillace da ya daɗe da kafa ruga a gindin dutse. Tana sauke ƙwarya wani ƙamshi ya bugi hancin Dalhatu daga inda yake zaune.

Ya ce, "Dije, me kika shafa wa ƙwaryar nan?"

Ta ce, "Kaɗo da hanci kamar na kura. Ganye ne, da shi muke goge ƙore, ƙuda ba ya so."

Ta faɗi sunansa da Fillanci, ya gwada sau uku harshensa ya ƙi, mata suka yi ta dariya. Da la'asar ta aiko masa da dami guda. Ya tauna: ɗaci ɗaya. Ya mirgina karan: kusurwa huɗu. Ya taɓa ganyen ya manne masa a yatsa kamar ƙaro: danƙo uku, har ya fi bunsurun fadama. Amma ƙamshin biyu ne, bai kai uku ba. Nan gizo ke saƙa. Ko yawan danƙo na iya cike gibin ƙamshi? Ba lokacin gwaji, gwaji wata bakwai ne. Amsar na cikin layukan tsakiya, waɗanda ba gwanaye ba ba kuma ragwaye ba, sai ya zauna ya gwama su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce bari a wuce gobe, domin gobe suna. 'Yarsu ta fari, Ramlatu, ta zo haihuwa gida, ta sami 'ya mace.

Da safe aka taru a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, aka raɗa wa jaririya suna Hadiza, aka raba goro. Dalhatu ya zaga bayan gida wajen mahauci don ya ga yadda ake fiɗar rago. Rana ta ɗan ɗaga, dattawa suka shige zaure neman inuwa. Cikinsu akwai surukinsa, Baba Shitu mahaifin Jumai, wanda ya zo daga Yalwa a kan jaki, tsoho mai shekara kusan tamanin da ba a taɓa cin sa dara sau biyu a jere ba. Da ya zauna sai ya ji tabarmar na da tudu da kwari. Ya ɗaga gefenta.

Lokacin da Dalhatu ya dawo da akushin soyayyar hanta, tun daga waje ya ji muryar Bappa Lado.

"Taɓa ka gani, tsohon Kaɗo. Yau sai ka koma Yalwa a ƙasa, jakin ma na cinye."

Baba Shitu ya ce, "Kai da ka saba da ƙirga wutsiyoyi, ina ka san gida talatin? Matsa can."

Ya leƙa. An naɗe tabarma an jingine. An kwashe tsakuwoyin shekara bakwai an tara su tsibi ɗaya a gefe, Baba Shitu ya zaɓi goma sha biyu masu kyau. Busassun karan da ke kan layuka kuwa, Bappa Lado ya kakkarya su daidai tsawon yatsa, su ne 'ya'yansa. Sauran dara biyun ma an samu masu yi, har da 'yan kallo.

Da wani ne da Dalhatu ya yi magana. Amma suruki ne. Shekara ashirin da biyar bai taɓa haɗa ido da mutumin nan ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, in sun yi kiciɓis a hanya yakan cire takalmi ya tsuguna. Ya cire takalmin, ya durƙusa a bakin zaure, ya tura akushin a hankali.

Baba Shitu, idonsa na kan gurabe, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yaron nan. Na sha zuwa suna, ban taɓa ganin inda aka tanadar wa baƙi dara har uku ba, da 'ya'yanta, a rufe kada ta yi ƙura. Wannan shi ne sanin darajar manya."

Dalhatu ya ce, "Amin, Baba."

"Sai dai ka cika tsakuwa. Sha biyu ake bukata."

"Na gode, Baba."

Yana nan durƙushe har surukinsa ya ci Bappa Lado, ya kwashe masa karan tazargade.

Washegari ya tashi kamar wanda aka yi wa sata. Ya zauna a zaure gaban gurabe casa'in, duk wayam. Na kirki da na banza yana tune da su, amma na tsakiya sun cakuɗe masa. Kajiji ƙamshi biyu ne ko uku? Gwandar daji ɓarna biyar ce ko shida? Ya sa tsakuwa ya cire, ya sa ya cire. Ga tulu a ɗaki, ƙwaro na ta aikinsa.

Dutsen niƙan Jumai na jikin bangon zauren ne ta ciki. Shekara da shekaru yana jin gurzar dutsen da muryarta a kai, bai taɓa sauraron abin da take cewa ba, don waƙar niƙa ba ta maza ba ce, kamar kukan kurciya take, ana ji ba a saurara. Yau da ba shi da abin karantawa sai kalmomin suka shigo kunnensa.

"Mazan wasu na noman dawa,
Nawa yana noman tsakuwa.
Maɗaci ɗaci uku, hanci babu,
Takwas ƙwaro ya ci ya gode.
Tumfafiya danƙo uku, hanci babu,
Takwas ya ci ya kira ƙannensa.
Kajiji biyu a hanci, kara mulmul,
Biyar ya ci ya yi hamma."

Dalhatu ya miƙe tsaye, ya sake zama, ya kuma miƙewa. Ya shiga cikin gida ba takalmi.

"Jumai, maimaita."

Ta tsai da dutse. Ramlatu da ke zaune a ƙofar ɗaki da jaririya ta rufe baki da mayafi.

"Me zan maimaita, Malam?"

"Kajiji."

"Au, yau kuma kunnenka ya buɗe? Shekara bakwai ina zaginka da safe, ba ka taɓa tankawa ba, har na ce wannan bawan Allah akwai haƙuri."

"Duka kika sani? Sha takwas ɗin?"

"Kullum kana karanta su a kaina kamar mai biya wa gardi. Ko akuyar gidan nan ta haddace." Ta share gari daga hannunta. "Amma ba na iya faɗarsu a zaune. Sai da dutse."

Ya ɗauko kwandon dawa da kansa ya ajiye mata. Ya koma zaure ya tsuguna, bango a tsakaninsu, ita tana niƙa tana rerawa, shi yana jefa tsakuwa. In ta yi sauri ya ce, "A hankali, gwandar daji." In ya rasa ta ce, "Ka bari in zagayo, ba a shiga waƙa ta tsakiya." Wasu baitocin ba lissafi a cikinsu, zambo ne zalla, a kan gajartarsa da yadda yake tauna ganye kamar ɗan akuya, ta kuwa ƙi tsallake ko ɗaya. Maƙwabta suka ji dariya ta yi yawa suka leƙo ta katanga. Kafin azahar an niƙa garin kwana huɗu, gurabe casa'in sun koma yadda suke.

Sai ya zauna ya duba. Danƙo shi kaɗai ba ya komai, ga tumfafiya shaida. Ƙamshi shi kaɗai yana farawa da kyau ya gaji a hanya, ga ɗoɗoya. Amma duk layin da biyun suka haɗu, ko da ƙamshin biyu ne, gidan ɓarna yakan yi sauƙi, kamar danƙon ne ke riƙe ƙamshin kada ya gudu. Ya bi layi uku masu irin wannan hali, ya ga kowace tsakuwar danƙo na rage ta ɓarna. Ya haƙa sabon layi a gefe, ya kafa karan ganyen Dije, ya cika gida huɗu. Ya daɗe da tsakuwa ɗaya a hannu, sannan ya ajiye ta a bakin gida na biyar, bai jefa ciki ba.

Ya ce, "Goma cikin ɗari. In Allah ya so."

Ana haka sai ga ɗan aike daga Yalwa da jaki. Labari ya kai wa Baba Shitu cewa darar da ya yi ba dara ba ce. Tsoho ba ya ba surukinsa haƙuri da baki, sai ya aiko da buhu guda na ɓawon maɗaci, sassaƙar hannunsa, da saƙo cewa a zuba a waken iri, haka iyaye suka yi.

Dalhatu ya dubi buhun, ya dubi Jumai.

Ta ce, "Kada ka dube ni. Ubana ne, amma ƙwaro ya ci takwas ya gode."

"In ya tambaye ni fa?"

"Kai da ba ka iya haɗa ido da shi, ƙarya za ka iya yi masa?"

Can ya tashi ya ɗauko 'yar tukunya, ya ƙirga waken kasuwa ɗari, ya zuba maɗacin surukinsa a kai har ya rufe su, ya liƙe da kyau. Ya ce wa ɗan aiken, "Ka ce wa Baba na gode, an zuba a wake." Sannan ya juya ga babban tulu. Ya tsince duk ƙwayar da ya ga ɗigon fari a jikinta. Ya shimfiɗa busasshen ganyen Dije a gindi, ya zuba ɗan Laraba, ya sa ganye, ya zuba wake, har baki. Ya yi bisimilla ya liƙe da laka.

Wata bakwai ba kwana bakwai ba ne. Masu ajiyar wake sun san in ƙwaro ya yi yawa a tulu ana jin motsinsa, wani ɗan ƙas-ƙas kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Dalhatu yakan kafa kunne a cikin tulun safe da yamma. Wata rana ya ji kamar motsi, ashe ƙadangare ne a bayan tulun. Dije in ta zo talla takan ce, "Kaɗo, me tulu ya ce yau?" Ya ce, "Ya ce a gaishe ki." Hadiza ta fara zama, ta fara rarrafe. Zafin bazara ya kai inda yake kaiwa, gabas ta fara haɗa gira.

Ruwan fari ya sauka wata ranar Talata da hantsi, ƙasa ta saki ƙamshin nan nata da ba ganyen da ya kai shi. Washegari da safe, ba wanda aka gayyata, amma ƙofar gidan Dalhatu ta cika. Mata na leƙe ta katanga, Bappa Lado ya jingina da sandarsa, Malam Isiyaku ya zo a keke da laka har gwiwa. Dalhatu ya fito da tulun ya ajiye a kan tabarma. Sai da ya buga sau biyu lakar ta fashe.

Ƙamshi ne ya fara fitowa, ya ɗan dushe amma da ransa. Ya karkata tulun a kan faifai. Waken ya zubo da ƙara mai nauyi, irin ta ƙwayar da cikinta bai zama gari ba, fari mai jan ido. Wata tsohuwa a bayan katanga ta rangaɗa guɗa.

Dalhatu bai ɗaga kai ba. Ya ɗebi ɗari ba zaɓe, ya baje, ya shiga ware masu huji da ɗan yatsa. Jama'a na ƙirgawa tare da shi a zuci.

Ya ce, "Sha bakwai."

Malam Isiyaku ya ce, "Tamanin da uku lafiya lau. Baba, ai ka ci."

"Na ce goma, ya zama sha bakwai. Akwai bakwai da ban san inda suka fito ba." Fuskarsa ta washe, wushiryar ta bayyana. "Wato akwai abin da ƙwaro ke dubawa da ni ban duba ba tukuna. Gida biyar ya yi kaɗan. Sai an ƙara na shida."

Jumai daga cikin gida ta ce, "Wayyo bayana."

Aka fashe da dariya. Bappa Lado ya cire hularsa ya miƙa, ya ce a zuba wa Dije ladan ganyenta, ko da yake Bafillace da shuka wake sai a hankali. Dalhatu ya zuba masa tafi biyu. Sauran suka matso, wannan da ƙoƙo, wannan da bakin riga, wannan da tafin hannu kawai. Kowa ya samu kaɗan, kowa ya yi alkawarin mayar da ninki da kaka, Dalhatu ya ce ba ya so, su dai ajiye iri a gidaje da yawa kada a sake tara shi a tulu ɗaya. Ya ware tafi uku masu kyau ya ƙulle a tsumma, na Yalwa.

Abin da ya rage bai fi mudu ɗaya da rabi ba. Ya zuba a ƙwarya ya ajiye a rumfa, domin wake sai gero ya ɗan tasa ake sa shi a tsakanin kunya. Ya saɓa sungumi ya nufi gona, ƙasa na manne masa a dugadugai, yana tafe yana murza wani ganye da ya tsinka a bakin hanya yana kai wa hanci.